Alhamis ta Mako Mai Tsarki: yinin da na yi da Malkus

Yau jajibirin ranar da muke tunawa da gicciye Yesu Almasihu, kuma tun da hantsi nake harabar majami'a tare da yaran ajin Lahadi, muna gwajin wasan kwaikwayon da za su nuna a sujadar yamma, wato labarin yadda aka kama Ubangiji a lambun Getsamani. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu yau muka fafe namu, domin sai da safen nan aka yi rabon wanda kowa zai fito a matsayinsa. Rigimar duka a kan Bitrus ta tsaya, saboda shi ne mai takobi, ko da yake takobin na kwali ne. Yahuza ma ya sami masu so, albarkacin jakar kuɗi. Wanda ya rage babu mai nema shi ne bawan babban firist, sai na ba wani yaro ɗan shekara tara da ya zo a makare. Ya juya takardar gaba da baya, sannan ya ɗago kai ya ce, "Malam, ni me zan ce?" Na gaya masa cewa ba shi da magana, ihu kawai zai yi ya dafe kunne. Bai ce komai ba, amma fuskarsa ta nuna cewa a ganinsa an cuce shi.

Tambayar yaron ce ta hana ni barcin rana. Da na koma gida na buɗe Bisharu huɗu ina gwama su, na ga cewa dukkansu sun kawo labarin saran nan, alhali akwai manyan al'ajibai da marubuci ɗaya ko biyu kaɗai suka ambata. Markus, a sura ta 14, ya faɗe shi a taƙaice: wani daga cikin na tsaye ya zare takobi ya sare wa bawan kunne. Matiyu, a sura ta 26, ya ƙara da tsawatawar Yesu, cewa a mai da takobi kube, domin wanda ya ɗauki takobi da takobi zai hallaka. Luka, a sura ta 22, ya ce kunnen dama ne, kuma shi kaɗai ya rubuta cewa Yesu ya taɓa kunnen ya warkar da shi. Ba abin mamaki ba ne, tun da Bulus ya kira Luka likita a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Yahaya kuwa, a sura ta 18, bai ambaci warkarwar ba, amma shi ne ya ba mu sunaye biyu da sauran suka rufe: mai saran Saminu Bitrus ne, wanda aka sara kuma sunansa Malkus.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi sunan bawa ya shiga Littafi Mai Tsarki. A cikin surar nan an ce akwai wani almajiri da aka sani a gidan babban firist, har shi ne ya yi wa yarinyar da ke tsaron ƙofa magana ta bar Bitrus ya shiga. Wanda yake shiga gida har mai tsaron ƙofa ta saurari maganarsa, ai dole ya san barorin gidan da sunayensu. Sunan da kansa abin lura ne, domin tushensa ɗaya ne da kalmar Larabci malik, wato sarki, tushen da mu ma muka sami kalmar mulki daga gare shi, kuma an yi sarakunan Nabatiyawa, wata tsohuwar daular Larabawa, masu wannan suna. Ga bawa ana kiransa Sarki, kamar yadda a ƙasar Gobir aka yi sarki ana kiransa Bawa, wato Bawa Jan Gwarzo. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya fassara sunan da "wanda zai yi mulki", ya kuma ɗauki kunnen a matsayin alamar tsohon ji da aka yanke domin a sabunta shi. Fassarar tana da daɗi, sai dai ina gudun kada ta mai da mutumin alama zalla, a manta cewa jinin da ya zuba a wuyan rigarsa jini ne na gaske.

Dukkan marubutan huɗu ba su ce "wani bawa" ba, sun ce "bawan babban firist", kamar wanda aka riga aka sani, abin da ya sa masu nazari da dama ke ganin cewa shi na hannun daman Kayafa ne, wato babban firist ɗin, kuma shi ya wakilce shi a cikin taron. Kayafa ya riƙe muƙamin daga wajen shekara ta 18 zuwa ta 36, kuma a 1990 an tono wani akwatin ƙasusuwa na dutse a Urushalima wanda masana da yawa ke ganin nasa ne. Batun kunne kuwa yana da nauyi a gidan firistoci. A Littafin Firistoci, sura ta 8, da jini aka shafa wa Haruna kunnen dama ranar keɓe shi, sura ta 21 kuma ta hana mai naƙasa miƙa hadaya. Masanin tarihin Yahudawa Yusufus ya ba da labarin yadda Antigonus, mai neman sarautar Yahudiya, ya lalata kunnuwan babban firist Hirkanus, shekara 40 kafin haihuwar Almasihu, don kada ya sake zama babban firist. Saboda haka wasu na cewa da gangan Bitrus ya nufi kunne, don ya wulaƙanta ubangidan ta jikin bawansa. Ni dai ban gamsu ba. Masunci ne da takobi a hannu, cikin dare, ga fitilu da tocila na wuta suna rawa, ga tsoro. A ganina kai ya nufa, Malkus ya goce. Ko ma wanne ne, saran da ya dace da mai aike a jikin ɗan aike ya sauka, Kayafa kuwa yana gida.

Da la'asar na biya ta wurin wani dattijon ikilisiyarmu wanda ya yi shekaru da yawa yana aikin masinja kafin ya yi ritaya. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, yau fa Malkus ne ya hana ni sakat." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ɗan'uwana ne a sana'a. Wanda aka aika shi ke gaba, shi ke shan rana, shi ke shan zagin da aka yi niyyar yi wa maigida." Sai ya kawo wani abu da bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ya ce ɗan aike ba ya gama aiki sai ya koma ya ba da rahoto, saboda haka Malkus ya tsaya a gaban ubangidansa a daren nan, rigarsa jiƙe da jini, kunnensa kuwa lafiya lau. "To me zai ce ya faru?" in ji Baba. Muka yi shiru mu biyu.

A hanyar komawa majami'a na yi ta jera waɗanda Yesu ya warkar. Bartimawas makaho kira ya yi ta yi har aka tsawata masa. Matar nan mai zubar jini kutsawa ta yi cikin taro ta taɓa gefen rigarsa. Shanyayyen nan abokansa ne suka buɗe rufin ɗaki suka zurara shi. Malkus bai roƙa ba, ba wanda ya roƙa masa, ba a ambaci bangaskiyarsa ba, ba a rubuta godiyarsa ba, kuma cikin masu kamun ya zo. Duk da haka shi ne mutum na ƙarshe da Bisharu suka nuna Yesu ya warkar kafin gicciye, kuma jim kaɗan bayan haka, in ji Yahaya, aka ɗaure hannuwan da suka taɓa shi. Umarnin a ƙaunaci maƙiyi, wanda Luka ya rubuta a sura ta 6, a nan ne aka aikata shi a gaban almajirai, a lokacin da ya fi wuya. Tatuliyan, marubucin Kirista na birnin Kartaj a Arewacin Afirka, wajen shekara ta 200, ya tafi har ga cewa da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance wa kowane soja ɗamara, kuma har yau ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kan iyakar wannan magana ba. Akwai kuma amfanin da warkarwar ta yi wa Bitrus kansa, domin da an kai bawan babban firist gida da kunne a hannu, da wuya a bar wanda ya sare shi ya kwana a waje. Ta kuma ba Yesu bakin gaya wa Bilatus, gwamnan Romawa, da safe cewa da mulkinsa na duniyan nan ne, da barorinsa sun yi yaƙi.

Kafin a fara sujada na kira yaron na ce na samo masa magana. A aya ta 26 ta sura ta 18 ta Yahaya, cikin barorin da ke jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar gidan, akwai wani ɗan'uwan Malkus, kuma shi ne ya yi wa Bitrus tambayar da ta sa ya yi musun sanin Yesu a karo na uku, sannan zakara ya yi cara. Na ce bayan an warkar da shi sai ya zaga bayan labule ya sauya riga, ya fito a matsayin ɗan'uwan.

Ihun da ya yi lokacin saran ya sa mata dariya, musamman da kunnen kwalin ya yi tsalle ya faɗi kusa da teburin jibin Ubangiji, zoɓon da muka yi jini da shi kuma ya gangaro masa har ƙirji. Amma da yaron da ya fito a matsayin Yesu ya durƙusa ya lalubo kunnen, ya kama kan abokinsa da hannu biyu, sai majami'ar ta yi tsit. Daga baya yaron da ya yi Malkus ya fito da sabuwar riga, ya nuna Bitrus da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Ashe, ban gan ka a lambun tare da shi ba?" Bayan an tashi mahaifiyarsa ta tare ni a bakin ƙofa tana tambaya ko zoɓo yana fita daga farar riga, shi kuwa ya miƙo mini kunnen kwalin ya ce in adana masa, domin baɗi ma shi ne Malkus.