Talata: wai ba mai cin garin kwaki a ajinmu

Ba laifi safiyar yau, na samu keke da wuri a bakin titin Tudun Wada, kuma Malamar Lissafi ta dawo mana da asainmen ɗin ƙididdiga, wanda ta tura mu kasuwa mu tambayi masu hatsi kuɗin mudun masara mu fitar da matsakaici da midiyan (farashin da ya faɗo tsakiya in an jera su) da mod. Na ci 8 cikin 10, maki biyun a jadawali suka tafi don ban sa masa kai ba. Hafsa ta ci 9 ta ishe mu. Abin dariya matsakaicin nawa ya fito da ɗigo da kwabbai a bayansa, kuɗin da babu ɗan kasuwa ko ɗaya da ya kira min shi, da na nuna wa Umma ran nan cewa ta yi ita dai a faɗa mata wanda aka fi kira, shi za ta riƙe ta tafi kasuwa, na ce Umma ai mod kenan, ta ce ko ma mene ne.

Bayan birek ne abin ya faru, dabul firiyod na Ekonomiks, ga zafi. Malam Seteris ya shigo da fara'arsa, ya maimaita dokar buƙata, farashi ya hau mutane su rage saye, ya sauka su ƙara, muddin sauran abubuwa suna nan yadda suke (ba ya iya jimla biyu bai faɗi wannan ba, da Latin ana ce masa ceteris paribus, can sunan nasa ya samo asali). Sai ya shiga inda dokar ba ta aiki. Kayan ƙarya da mai kuɗi ke saye don tsadarsu. Kayan da ake tsoron za su ƙara tashi, kamar yadda ake wawar sukari kafin azumi. Na uku shi ne kayan Giffen. Ya ce Robert Giffen ɗan Sukotlan ne, masanin ƙididdiga, kuma Alfred Marshall ne ya jingina masa maganar a bugun littafinsa na 1895, cewa leburori matalauta a Ingila idan burodi ya yi tsada ƙara sayensa suke yi, saboda kuɗin nama ya ƙare a burodin, kuma duk da tsadar shi ne mafi arahar abin da zai cika ciki. Har nan lafiya lau, ina ta rubutu.

Sai ya ce a nan ƙasar misalin da ake bayarwa shi ne garin kwaki, ya ajiye alli ya ce to duk wanda ake jiƙa gari a gidansu ya ɗaga hannu.

Wallahi ko mutum ɗaya. Aji guda cike, kowa ya hau kallon na kusa da shi, can wani daga baya ya ce Malam mu ai sai Indomie da ƙwai, aka kwashe da dariya har da buga benci. Ni ma ban ɗaga ba, kuma ko gobe aka sake tambaya ba zan ɗaga ni kaɗai ba. Amma Hafsa fa? Hafsar da ranar Asabar a ɗakinsu muka jiƙa shi da ƙuli da sukari muka sha da cokali ɗaya, ita ta fi kowa dariya, har tana dafa ni wai in tayata. Malam bai ce komai ba, ya yi murmushi ya ce ashe ajin 'ya'yan attajirai aka ba shi, ya ba mu aikin gida mu ƙirƙiro misali da alƙaluma.

Da yamma ina zaune a tsakar gida da littafi na kasa haɗa misalin, Umma tana tankaɗe, ta ce me ake ta goge-goge. Na yi mata bayani sama-sama don na ɗauka ba za ta bi ba. Ta ce rubuta. A ce Babanku ya ba ni ₦9,000, kuma gidan nan sai mudu 10 na hatsi yake kai mu inda za mu, masara ₦500 shinkafa ₦1,500, nawa-nawa zan auno? Na buga na ce masara 6 shinkafa 4. Ta ce to masara ta koma ₦750, shinkafa tana nan, kuɗin yana nan, bakunanku ma suna nan ba wanda ya ragu. Na sake bugawa, masara 8 ₦6,000, shinkafa 2 ₦3,000, cif ₦9,000. Masara ta yi tsada kuma an ƙara auno ta daga 6 zuwa 8. Ko ɗago kai ba ta yi daga rariyar ba, ta ce shi ne abin da sai an je Ingila an tambayo? Ku da kuke mita kullum tuwo kullum tuwo, kun ɗauka son shi nake yi?

Na yi dariya a lokacin amma ban ji daɗi ba, don ni ce kan gaba a masu mitar, ni da Abba.

Yaya ya dawo daga Samaru wajen magariba, na nuna masa ina jiran yabo, kun san shi tunda ya shiga aji uku a jami'a ba a faɗin abu ya bari ya wuce. Ya ce a takarda daidai ne, Malam zai ba ni makina, amma kar in je ina cewa masarar gidanmu kayan Giffen ce, don a misalin masara kaɗai aka ɗaga, a gaske kuwa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi tare, shinkafar da kuɗin mota da iskar gas, to ba za ka iya rantsuwa tsadar masara ce ta sa aka ƙara cin ta ba, ƙila ƙarfin aljihu ne ya faɗi gaba ɗaya aka gangaro kan mai araha. Ya ce an daɗe ana neman hujjar Giffen ta gaske a duniya, fitacciyar ita ce ta 2008 da wasu masana biyu, Jensen da Miller, suka yi gwaji a lardin Hunan na ƙasar Sin, suka rage wa gidajen talakawa kuɗin shinkafa, sai mutanen suka rage cin ta suka karkata ga nama da sauransu. Umma daga kicin ta ce a zo nan a gwada rage mata a gani. Yaya ya ce Umma ai sai sauran abubuwa suna nan yadda suke, ta ce a wane garin?

Ni duk wannan bai dame ni ba kamar hannuwan nan. Tun ɗazu nake juya abin. Da safe an koya mana tattara bayanai, a tambayi mutane a rubuta a jera a jadawali, Malamar Lissafi ta ce alƙaluma ba sa son kai. To da ni ce mai tattarawa a ajinmu yau, zan rubuta masu cin gari 0, in zana giraf mai kyau da rula in sa masa kai, in ci 10 cikin 10, kuma ƙarya ce tsagwaronta, don na san gidajen rabin ajin nan, daga Gyallesu zuwa Tudun Jukun, na san abin da ake ɗorawa. Kuma ba wanda ya yi niyyar ƙarya, kowa jira yake wani ya fara. Sai nake tunanin masu yawo gida-gida da fom suna tambayar magidanci sau nawa ake cin nama a gidansa, a zaure, gaban maƙwabta da yaransa. Me zai ce musu? Baba dai na san amsar da zai bayar, Alhamdulillahi, kuma ba ta da gurbi a jadawali.

Shi ma Malam ban san me ya sa ya yi tambayar a haka ba. Da takarda ya raba kowa ya rubuta ba suna da ya ga gari har ya gaji.

Tuwon masara miyar kuka da daddare, ba wanda ya yi mita, Abba ya buɗe baki na harare shi. An kawo wuta wajen tara na sa caji. Hafsa ta turo saƙo wai in ɗauko mata hoton misalina ta canja lambobin, na gani ban buɗe ba tukuna. Zan tura mata, amma sai ta bari zuwa safe, kuma Asabar in ta jiƙa sai na tambaye ta ina Indomie ɗin. Alhamis akwai tes a kan sassaucin buƙata, wato awon yadda saye ke canjawa in farashi ya canja, har yanzu ina rikita wanne ake rabawa da wanne, canjin yawan kaya a sama canjin farashi a ƙasa, Yaya ya ce in rubuta a bangon littafi in daina damunsa.