Surace ya kusa kai ni ƙasa

Bara cikin satumba palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ya kama ni a nan Damagaram, irin wanda haƙora ke kaɗawa da tsakar rana. Inna ta ce a yi surace, aka tsinko ganyen bedi da na mangwaro da gwaiba aka tafasa a babbar tukunya, na zauna kan kujera 'yar tsugunno aka lulluɓe ni da bargo biyu. Minti biyar na farko wallahi daɗi, hanci ya buɗe, zufa na zuba kamar an kwara min ruwa, ni kuma da taurin kai na ce sai ruwan ya huce zan fito, can sai na ji kunnena na ƙara, ido ya rufe, ban san sanda na kife gefen tukunya ba. Har yau tabon na nan a gwiwar hannuna.

Ɗan kawuna majo ne, wato ma'aikacin jinya, shi ya sa min sirum, ya auna zafin jikina digiri 40 har da ɗoriya. Na ce Yaya ba kai ka ce zazzaɓi na taimakon jiki ba? Ya ce ƙwarai, amma wanda jiki ya hura da kansa. Jiki na zaune wajen 37, in ya hau 38 zuwa 40 jijiyoyin jini na buɗewa, fararen ƙwayoyin jini su ƙara sauri, suna manne wa bangon jijiya suna ratsawa cikin kaluluwa inda ake nuna musu abokin gaba. Ƙwayoyin da zafi ya matsa kuma suna fitar da wani furotin mai kama da kururuwar neman agaji. To ni jikina ya riga ya hau, na zo na ƙara mishi wuta daga waje, ga bargo ya hana zufa bushewa, ta ina zai huce?

Abin da ya ban mamaki, ashe likitoci sun taɓa sa wa mutane palu da gangan. Wani likitan Ostiriya, Wagner-Jauregg, haka ya riƙa yi wa masu tunjere da ya taɓa ƙwaƙwalwa, don zazzaɓin ya gasa ƙwayar tunjeren sannan a ba su kinin ya kashe palun, har Nobel ya samu a 1927, ko da yake wasu sun mutu a hanya, da penisilin ta zo aka watsar. Yanzu ma a wasu manyan asibitocin waje ana ɗumama ƙarin ciwon daji (kansa) zuwa 40 ko 43 kamar awa ɗaya, a haɗa da gashin na'ura ko allurar ciwon dajin, amma da na'urar awo a jikin mutum ana kallon lamba.

Tes ɗin palu ya nuna akwai, kwana uku ina shan Coartem na miƙe. Surace ban daina ba gaskiya, in mura ce ina yi, minti kaɗan, kai kawai nake rufewa da gorar ruwa a gefe. Inna dai har gobe cewa take bedin ne ya warkar da ni.