Sana'ar haɗa tsohuwar manhaja da JAX

Kamfaninmu ƙarami ne a Nima, nan Accra, muna rubuta manhajar lissafi ga masu nazarin asalin sararin samaniya. Aikin da aka fi kawo mana iri ɗaya ne: mai bincike ya rubuta tsarinsa da JAX, wata manhajar lissafi ta Python, domin ya samu gangara kai-tsaye, wato yadda sakamako ke motsawa idan an ɗan taɓa kowane ma'auni, amma ainihin lissafin yana cikin wata tsohuwar manhaja, CAMB, wadda aka rubuta da Fortran, ko CLASS, wadda aka rubuta da C. JAX ba ta ganin cikinsu.

Kiran manhajar ta waje abu ne mai sauƙi. Ana naɗe ta da jax.pure_callback, a faɗi girma da nau'in lambobin da za ta dawo da su. Sai dai wannan kira bai san gangara ba. Dole mu rubuta masa ƙa'idarta da hannu, ta custom_jvp ko custom_vjp, kuma nan ne guminmu yake.

Hanyar da muka fi bi ita ce a matsa ma'auni gaba kaɗan, a matsa shi baya kaɗan, a raba bambancin sakamakon da tazarar. Ma'aunai shida na ΛCDM, tsarin da aka fi bi wajen bayyana sararin samaniya, kira 12 ke nan, ban da na tsakiya. Girman takun shi ke kayar da mutane, don suna ɗauka ƙaramin taku ya fi daidai. Waɗannan manhajoji kintace suke yi, akwai ɗan rawa a lambobin ƙarshe. In rawar ta kai ɗaya cikin miliyan, ka sa taku ɗaya cikin miliyan, gangarar da za ta fito shirme ce zalla. Takun da ya dace a nan yana wajen ɗaya cikin 100. Mukan gwada taku biyar ko shida, mu zana sakamakon, mu ɗauki inda layin ya kwanta. Kafin duk wannan sai an kunna jax_enable_x64, mai sa a yi lissafi da lambobin bit 64, domin JAX da lambobin bit 32 take tashi, masu riƙe lamba bakwai kawai.

In kuwa abin na waje mai neman tushen lissafi ne, kamar fitar da H0, wato saurin faɗaɗar sararin samaniya a yanzu, daga theta, wata kusurwa da ake aunawa a sama, ba ma bin zagayensa. Daga amsar ƙarshe ake samun gangarar: a raba gangarar lissafin ta fuskar ma'auni da ta fuskar amsa, a juya alama. Ya fi sauri, ya fi tsafta.

Kowane kira muna ajiye sakamakonsa a faifai, saboda dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama.

Abin da ya fi damuna shi ne gangara mara kyau ba ta nuna kanta. HMC, tsarin da ke bin gangara wajen laluben ma'aunan da suka dace, zai ci gaba da tafiya, sai dai takunsa ya yi ta ƙanƙancewa, aikin awa biyu ya kwana. Shi ya sa ba ma miƙa aiki sai mun gwada gangarar a tsakiya da kuma gefunan iyakar kowane ma'auni.