Wa'azi a tsofaffin waƙoƙin Ingila

A makarantunmu na nan Garwa da Marwa a Kamaru, inda Faransanci ne harshen karatu, yaro yakan haddace tatsuniyoyin La Fontaine tun yana ƙarami, Ingilishi kuwa sai ɗan nahawun cin jarrabawa. Shi ya sa da yawanmu muka girma ba mu san cewa mawaƙan Ingila na ƙarni na 17 sun bar baitocin da, in da za a rera su da Hausa a ƙofar gida bayan la'asar, mai sauraro zai ɗauka wa'azin malamanmu ne, duk da cewa aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce.

George Herbert limamin coci ne a ƙauyen Bemerton, ya rasu a 1633 bai cika shekara 40 ba. A gajeriyar waƙarsa kan nagarta ya ambaci yini mai sanyin daɗi, da fure, da lokacin tohon ganye, ya ce kowannensu mutuwa ce makomarsa, in ban da rai nagari, wanda ya kwatanta da katakon da ya bushe sarai. Duk wanda ya taɓa ganin kafinta yana ƙwanƙwasa katako, yana auna nauyinsa a hannu kafin ya yarda ya yi ƙofa da shi, ya san dalili, domin ɗanye yakan lanƙwashe da zarar zafin watan Maris ya kama shi.

Henry Wotton ya yabi mutumin da gaskiya ce garkuwarsa, wanda ya mallaki kansa ko da bai mallaki gona ba. Ban cika sakin jiki da baitocin nan ba, domin shi ne jakadan Ingila a Venis da ya taɓa rubutawa, cikin raha, cewa jakada mutumin kirki ne da ake aikawa waje ya yi ƙarya don amfanin ƙasarsa.

Wanda maganarsa ta fi nauyi a wurina John Milton ne, saboda ya ɗanɗani abin da yake faɗa. Ya makance wajen 1652 yana tsakiyar ƙarfinsa, kuma a waƙarsa mai layi 14 ya yi tambayar da mai imani kan ji kunyar furtawa: Ubangiji zai nemi aikin yini a wurin wanda aka ɗauke wa haske? Haƙuri ne ya ba shi amsa, ya ce Allah ba Ya bukatar aikin bawa, Yana da dubban masu kai da kawo bisa umarninSa, kuma wanda ya tsaya yana jira shi ma bauta yake yi. Malalaci zai so ya fake da wannan amsa, alhali mai ita bai naɗe hannu ba. Cikin makantar ya riƙa shirya baitoci a ka yana faɗa ana rubuta masa, har aka buga doguwar waƙarsa Paradise Lost a 1667, layi fiye da 10,000, mai ɗab'i ya ba shi fam 5 kafin alƙalami.