Karas ya tsiro

Yau da safe na shiga lambuna da ruwa a hannu, sai na hango wani siririn layi kore a kan kunyar karas. Na durƙusa in tabbatar ba ciyawa ba ce. Ganye bibbiyu ne, sirara kamar zare, wasu har da ɓawon irin maƙale a bakinsu. Kwana 19 ke nan da shuka. Latas ɗin da na zuba rana ɗaya da shi tuni ya leƙo, shi kuwa shiru, har na fara zargin irin ya lalace. Halinsa ke nan idan ƙasa ba ta gama sakin sanyin hunturu ba, yakan kai sati uku. Kuma da yake ba a binne shi da zurfi, da zarar saman ƙasa ya bushe aiki ya ɓaci, shi ya sa nake yayyafa masa ruwa safe da yamma.

Na daɗe a durƙushe, gwiwata duk laka, raina fes. Yanzu abin da ke damuna shi ne ranar da zan cire wasu don sauran su sami sarari. Duk ina son su.