Teburin waje ba ya son sheƙin falo

Duk wanda ya zo shagona ya ce a haɗa masa teburin katako da zai ajiye a tsakar gida ko gaban shago, kafin mu taɓa maganar kuɗi sai na tambaye shi abu biyu, a rana zai zauna ko ƙarƙashin rumfa, sannan wa zai riƙa kula da shi. Mafi yawa amsar ɗaya ce, "kai dai malam ka yi min mai sheƙi irin na falo". To nan ake fara ja, domin abin da muke fesa wa kayan ɗaki, wato sila, shafin farko da ke toshe ƙofofin katako, da banish ɗin feshi da ake sirkawa da tinna, don cikin ɗaki aka yi shi, yana bushewa da wuri yana ɗaukar ido, amma ka kai shi waje damina ɗaya ta ishe shi.

Dalili kuwa katako ba ya daina motsi ko ya shekara goma da yankewa. A Agusta ya sha danshi ya kumbura, a Janairu da hunturu ya kankama ya tsotse ya tsuke, saman tebur mai faɗin mita guda wannan kai da kawowar tana iya kai santimita guda, kuma a faɗi yake yi ba a tsawo ba. Shi banish fata ce busasshiya a kwance a sama, ba ya iya bin katakon, ga ranar Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 tana cinye shi tana kuma cin fuskar katakon da ke ƙarƙashinsa. Idan ka duƙa ka duba tebur irin wannan bayan ruwan farko za ka ga abin daga baki yake farawa, wurin da aka datse katakon, ɗan tsagi siriri, ruwa ya bi ta nan ya shige ya kasa fita, sai wurin ya yi fari fari, bayan 'yan makonni ya koma baƙi, sai fatar ta fara tashi kamar ɓawon albasa. Kuma ba a yi masa faci. Sai dai a kankare saman gaba ɗaya a koma farko, kuɗin aikin nan kuwa babu kwastoman da ke biyansa da daɗin rai.

Shi ya sa ni idan katakon mai kyau ne, iroko ko tik ko maɗaci wanda ya bushe sosai, mai nake shafawa. Man tik da ake sayarwa a gwangwani, ko dafaffen man linsid a ɗan sirka shi a shafin farko don ya ratsa. Mai cikin katakon yake shiga, bai bar fatar da za ta fashe ba, in ya gaji sai dai tebur ya dusashe ya yi toka toka, ka wanke ka bari ya bushe ka ɗan bi da sanfefa ka sake shafawa, aikin da yaron gida ma zai iya da safe ɗaya. Ba zan ɓoye ba, mai ba ya daɗewa, wanda ke cikin rana tsantsa sai an sabunta masa sau biyu a shekara, kuma ba zai taɓa yin sheƙin madubi ba. Amma na fi son in ba mutum abin da zai iya gyarawa da hannunsa.

Yadda muke yi, sanfefa lamba 80 ta fara, sai 120, mu tsaya a 150 ko 180, ba ma wucewa don in ya yi santsi da yawa man ba ya shiga. Iroko da tik suna da nasu maiƙon, sai an goge fuskar da tsumma mai tinna tukuna. A shafa mai a wadace, a ba shi minti 15 zuwa 20, sannan a goge duk wanda bai shige ba, nan ne yara masu koyo suke ganin kamar asara ce su bar shi a kai, washegari ka tarar tebur yana danƙo ƙura ta manne. Shafi uku, kwana guda tsakani. Ƙasan teburin ma sai ya samu daidai da sama, in ba haka ba gefe ɗaya ya sha danshi ɗayan bai sha ba, katako ya lanƙwashe. Bakin da aka datse kuwa ba shi kake ta yi har sai ya ƙi sha.

Tsumman man linsid ɗin nan, don Allah kada a dunƙule shi a jefa cikin ɓuntun katako. Yana ɗaukar zafi da kansa yayin bushewa har ya kama da wuta ba wanda ya ƙyasta ashana. A shanya shi a buɗe a waje ko a tsoma a bokitin ruwa. Mu da muke zaune cikin katako ba abin wasa ba ne wannan.

In kuma kuɗin mutum bai kai iroko ba, ya je kasuwar katako ta Na'ibawa a Kano ya sayo malaina ko farin katako irin obece, to gaskiya fenti ne gatansa. Fentin mai, shafin ƙasa ɗaya na sama biyu. Mutane na raina fenti wai yana rufe kyan katako, alhali launin da ke cikinsa shi ke tare rana, duk abin da kake hango katako ta cikinsa rana ma tana ratsa shi. Fari ko wani launi mai haske ya fi, baƙi zafi yake kwasa har ka kasa ɗora hannu. Obece dai ko da fenti ba na son sa a inda ruwa ke dukansa, kuma ƙafafun sai an sa musu maganin gara irin Solignum kafin komai.

Akwai banish na jirgin ruwa, shi an yi shi da ɗan taushi yana bin motsin katako kuma da maganin rana a ciki. Yana aiki in na gaske ne, amma da tsada, yana son shafi biyar ko shida, kuma duk shekara sai an ƙara tun kafin ya tsage. Wanda teburinsa ke ƙarƙashin baranda kuma ya nace sai sheƙi, shi nake yi wa. Mai shayi kam ba na ba shi shawarar, buta mai zafi da ruwa da goge goge safe da yamma, gara a lulluɓe saman da falan gwangwani a yi wa sauran jikin fenti. Baƙin man inji da wasu ke shafawa, a bar shi ga dirkar rumfa, bai dace da inda za a ajiye burodi ko yara su ɗora hannu ba. Man gyaɗa da man kaɗanya su kuma ba sa bushewa, ƙura kawai za su tara.

Wani abin ma tun wurin haɗawa ake gyara shi. Teburin waje ba na manne falankinsa, ina barin tsakani kamar milimita 4 ko 5 ruwa ya samu hanya, in kashe kaifin gefuna don kowane shafi a kan kaifi yake fara mutuwa, in sa sukuru marar tsatsa saboda ƙusar ƙarfe tana zana baƙin tabo a katako da zarar ya jiƙe. Lokacin shafi kuma a inuwa, da safe bayan raɓa ta bushe, ba ranar da hazo ya sauko ba. Waɗanda na shafa wa teburinsu mai ina ce musu su sabunta a Mayu kafin ruwa ya zauna, su ƙara a Oktoba in ya ɗauke, wanda ya manta in ya watsa ruwa a kai ya ga ya shige nan take maimakon ya tsaya ɗigo ɗigo, to lokaci ya yi.