Sandar awo da lita 370 da ba su ɓata ba

Jiya na miƙa makullin ofis a gidan man. Ga wanda zai gaje ni, musamman idan shi ma ya taɓa zama ajin kalkulas.

Tankin fetur ɗinmu a kwance yake a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 2.5, yana cin kusan lita 39,270. Manaja ya raba wannan da santimita 250, ya samu 157, ya riƙe lambar nan tamkar aya. A wurinsa duk santimitar da sanda ta sauka, wato sandar da muke tsomawa don auna zurfin mai, lita 157 ce ta fita.

Ranar da mai ya yi ƙasa, sanda ta sauka daga 30 zuwa 20. Famfo ya nuna an sayar da lita 1,200, shi kuma lissafinsa ya ba shi 1,570. A gaban yara masu ba da mai ya ce, "Malam, ina lita 370?" Aka cire daga albashina.

Ai tanki mai zagaye ba akwati ba ne. Litar da ke cikin santimita ɗaya ta danganta ne da faɗin fuskar man a daidai wurin: a tsakiya lita 200, a zurfin 30 kusan 130, a 20 kuwa 108. Mu da ke sayarwa ta baya muke tambaya: idan lita ɗaya ta fita, nawa sanda za ta sauka? Amsar ita ce ɗaya bisa wancan adadin, wato dh/dV = 1/(dV/dh), inda h ke nufin zurfin mai, V kuma yawansa, ƙa'idar da muka haddace don jarrabawa kawai. Inda fuska ta tsuke, sanda gudu take yi, mai kaɗan ya fita ta faɗi sosai. Shi ya sa "ɓarawo" ba ya bayyana sai tanki ya kusa ƙarewa ko yana cike dam, a tsakiya kuma rara ke fitowa, wadda ban taɓa jin an tambayi inda ta shiga ba.

Na zana masa a takarda. Ya ce boko ke damuna. Takardar awon tankin, mai nuna litar da ke kowane zurfi, tana cikin durowarsa, ko buɗe ta bai yi ba.

Sauran shawarwarin kaɗan ne. Kada ka yi awo da zarar tanka ta gama saukewa, bari mai ya kwanta. Zafi na kumbura fetur, ka auna da sassafe. Kowane awo ka sa manaja ya sa hannu, ka ɗauki hoton takardar tankin a wayarka tun ranar farko. Kuɗina dai har yau suna wurinsa.